Raɗa wa Saba'in da Biyu Suna

Tudun Wada, Sakkwato
3 ga Yuli

Zuwa ga taubashiyata Karimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da karatunki da ya ƙi ƙarewa. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa a gonarmu ta Dundaye. Inna tana gaishe ki. Ƙafar ta yi sauƙi, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Tun da ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ba allon da ke tsira a garin nan. In na ɗauko ta a mota daga Ƙofar Marke zuwa gida, sai ta karanta kowane shago da ƙarfi, harafi bayan harafi, har na mai sayar da taya.

Ina fata Jafar, da ya taho wajenku, ya kawo miki saƙon. Katin da na naɗe cikin tsohuwar hula shi ne na fari da marigayi Baba ya haɗa da hannunsa a 1993. Kin san labarin sama-sama, bari in ba ki shi daidai. Baba mai gyaran rediyo ne. Ya sayi injin surfani na gwanjo wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, kowa ya ce ya sayi ƙarfe. Ya zauna wata bakwai ya haɗa wannan kati, ya cusa shi cikin kwamfuta, kwamfuta ta riƙa gaya wa allura inda za ta bi. Daga baya aka yi masa ɗan'uwa, shi ne ke cikin kwamfutar shago har yau.

Yanzu faifan da manhajar Baba ke ciki ya fara mutuwa. Yau ya tashi, gobe ya ƙi. Masu gyara uku sun duba, duk sun ce in jefar in sayi sabo. Ni kuwa ba na jefar da hannun Baba. An ce ke malamar tsofaffin kwamfutoci ce. To, ga ranarki. In kin kasa, ki dawo gida mu ba ki tallar fura.

Naki,
Attahiru

Kuala Lumpur
15 ga Yuli

Yaya Attahiru,

Na amsa gaisuwa, ina gaida Inna da kyau. Ina lafiya, sai kewar fura, wadda ni zan sha, kai ka yi tallar.

Kati ya iso. Na daɗe ina juya shi a hannu kafin in iya taɓa komai. Yaya, Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Na samo kwamfuta sa'ar taku a kasuwar tsofaffin kaya, na saka shi, na kwana tara ina lallashinsa, ranar Talata ya amsa.

Ga abin da na yi. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda muke kira kanel, ita ke riƙe da gidan duka. Kowane kati kuma yana bukatar ɗan tafinta tsakaninsa da ita, shi ake kira direba. Na rubuta wa katin Baba sabon tafinta, saboda haka ko faifan nan ya mutu, injin zai ci gaba da aiki.

Amma akwai abin da ya fi wannan daɗi. Muna da ƙungiya ta 'yan sa-kai daga ƙasashe da yawa, masu kula da kanel ɗin tsofaffin kwamfutoci. Na nuna wa dattijon da ke tace aikinmu hoton katin, ya ce in kawo a shigar da shi cikin kundi. In kwamfuta ta tashi, tana tambayar kowane kati, kai wane ne? Kati ba ya da baki, lamba kawai yake bayarwa. Na Baba ya ce saba'in da ɗaya. A cikin kundin, kowace lamba ana rubuta mata suna a gefe, domin mutum ya san abin da yake karantawa. Ƙa'idar dattijon ita ce sunan wanda ya ƙera, kuma sai da hujja. Manyan kamfanonin duniya ne jere a shafin nan, Baba zai shiga tsakiyarsu. Abin da ya shiga kundin ba a goge shi, duk wanda ya kwafi kanel ɗin ya kwafa har da sunan.

Ni Baban Rediyo na tashi na ji ana kiransa. Ka rubuto mini sunansa na yanka. Na kuma haɗo maka gwaji: ka sa a kwamfutar shago, ka karanto mini lambar da ta fito, ka ɗauko mini hoton katin da ke cikinta gaba da baya.

Ƙanwarka,
Karimatu

Tudun Wada
19 ga Yuli

Karimatu 'yar albarka,

Lafiya muke. Na janye maganar fura.

Na karanta wasiƙarki sau uku a shago, na huɗu na karanta wa maƙwabta, har mahaucin bakin layi ya bar nama ya zo ya saurara. Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba. Mutumin da aka yi wa dariya ya sayi ƙarfe, yau za a rubuta shi kusa da masu kamfani.

Sunansa Jinaidu. Da na isa gida na fara ba Inna labari, ina kaiwa wurin suna ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali ba a hura wutar ba. Kin san halinsu. Shekara hamsin ke nan da aka ɗaura musu aure, sha huɗu da rasuwarsa, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Malam take cewa, ko mai gidan nan. Akwai wani mai shago a layinmu takwaransa, Mai Sabulu take kiransa, ko allonsa in mun zo wucewa kau da kai take yi.

Na yi gwajin. Sai dai lambar ba ta zo daidai da taki ba, saba'in da biyu ta nuna. Ko na yi kuskure ne? Na sake sau biyu, haka dai. Ga hotuna nan. Za ki ga an karce shekara a gefe da bakin allura, 1997. Lokacin ina Kaduna wajen koyon aiki, na dawo na tarar da shi a ciki, injin kuma ya daina tsinka zare. Ki rubuta Jinaidu a duka biyun, a wuce wurin.

Attahiru

Kuala Lumpur
24 ga Yuli

Yaya Attahiru,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Allah ya jiƙan Baba Jinaidu.

Ba ka yi kuskure ba. Kati biyu ne daban, shi ya sa lambarsu ta bambanta, kowanne kuma sai an ba shi sunansa. Saba'in da ɗaya ba gardama, ga littafin zanen Baba da ka taɓa turo mini hotonsa, dattijo ya karɓa.

Saba'in da biyu ne ya tsayar da ni. Na ƙura wa hoton ido kwana biyu. An ƙara masa wasu 'yan kaya da ba su cikin zanen, aikinsu su sa allura ta ɗan dakata duk lokacin da za ta juya kusurwa, dakatawar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wannan ne ya hana zare tsinkewa. Wanda ya yi tunanin nan ya fi na farko sanin zare. Sannan dalmar da aka liƙa wayoyin da ita ƙanana ce, a jere, ba irin ta katin da ke hannuna ba. Wayoyin baya kuma an ɗaure su da koren zare. Yaya, wannan ba hannun Baba ba ne. Mahaifiyata ta ce idanunsa sun tafi tun 1995, kati kuwa ya ce 1997.

Wa ya yi shi? Dattijo ba ya karɓar zato. In ba a samu mai shi ba, akwai kalmar da suke rubutawa, ma'anarta ba a san mai shi ba. Zai rufe karɓar aikin wannan zango ranar 31 ga Agusta. Don Allah ka bincika mini.

Karimatu

Kuala Lumpur
14 ga Agusta

Yaya,

Lafiya dai? Mako uku shiru. Na kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na tambayi Jafar tunda ya koma gida, ya ce ya gan ka a masallacin Juma'a garau, har da sabuwar hula. To, ba ciwo ba ne, fushi ne. Na sake karanta wasiƙata ina neman inda na taka ka, ina jin na gani. In shi ne, ka faɗa mini in ji da kunnena, ya fi wannan shirun. Saura kwana goma sha bakwai.

Karimatu

Tudun Wada
20 ga Agusta

Karimatu,

Muna lafiya, Inna lafiya, gero ya fid da kai. Fushi ne, kin canka.

Da na karanta “ba hannun Baba ba ne”, jini ya hau mini kai. Na ce wato yarinyar nan ta je ƙasar waje ta koyo yadda za ta ce mahaifina ya ci gumin wani. Shekara ashirin da shida duk Tudun Wada na cewa injin Malam, ke rana ɗaya kin duba hoto kin tsige shi. Na rubuta miki amsa mai zafi har shafi biyu. Allah ya taimake ki wuta ta ɗauke kafin in tura.

Amma maganar idon ta ƙi barina. Gaskiya ce, lokacin da na tafi Kaduna ana riƙe masa sanda. Na je wurin tsofaffin abokansa biyu da suka rage. Ɗaya ya ce aikin Malam ne mana, ɗaya ya ce shi dai ya san an rufe shago wata uku, sannan aka buɗe injin na aiki. Na dawo ba abin da na ƙaru da shi.

Shekaranjiya da hantsi na ciro katin na kai gida, don in duba shi da madubin Inna mai ƙara girma. Na same ta a tsakar gida tana ɗinkin hula. Na zauna gefenta ina jiran ta ba ni madubin, ina kallon hannunta ba da wata niyya ba. Karimatu, duk inda zare zai juya kusurwa, sai ta tsaya, ta ja numfashi, sannan ta soka allura. Tun ina yaro nake ganin wannan, ban taɓa lura ba. Na juya bayan katin na dubi ƙullin koren zaren, na dubi ƙullin da ke cikin hular. Iri ɗaya ne.

Na ajiye mata katin a kan tabarma. Ta dube shi, ta ce, “Wa yac ce ka hiddo shi? Ƙura za ta shige mai.”

Na ce, “Inna, wa ya yi wannan?”

Ta ce, “Aikin gidan ga ne.”

Na ce, “Na san na gidan ga ne. Hannun wa?”

Ta yi ta ɗinki kamar ba ta ji ba. Can ta ce, “Malam ba ya gani. Injin na tsinka zare, masu riguna sun fara kai aikinsu wani wuri. Shina zaune shina hwaɗi, ni ina liƙawa. Ƙarfen dalma ai bai fi allura wuya ba, zafi kawai gare shi.”

Na ce, “To dakatawar kusurwa fa? Ba ta cikin zanen Baba.”

Sai ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ta ce ta gaya masa hannu ba ya juyawa bai tsaya ba, injin ma a bar shi ya huta. Ya ce ilimin lantarki bai san hutu ba. Suka yi kwana biyu ba sa ga maciji. Rana ta uku ya tura mata kwandon matattun rediyo, ya ce ta ciro 'yan ƙullutun nan da ake kira kwandensa, ya nuna mata inda za ta sa, ta yi ta gwadawa. Ta gwada goma sha ɗaya, na sha biyu zare ya daina tsinkewa. Ta ce Baba ya shafa aikin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya ce wannan ba saba'in da ɗaya ba ne kuma, sabon haihuwa ne, a canza masa lamba. Ita ta ƙulla wayar lambar, ita ta karce shekarar, shi ya riƙa kwatanta mata yadda ake zana kowace lamba.

Na tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wa ya tambaye ta?

Ki yafe mini, taubashiya. Idonki daga nisan duniya ya ga abin da nawa bai gani ba a tsakar gidanmu. Amma ga sabuwar rigima. Na ce za a rubuta sunanta, Dije, ta ce atafau. Wai sunanta a jere da na Malam, a gaban mazan duniya, ina ta kai kunyar nan? Ta ce a rubuta nasa ko a bari. Na yi lallashi har na gaji.

Attahiru

Kuala Lumpur
21 ga Agusta

Yaya Attahiru,

Na yafe, ni ma ka yafe mini, na jefa maganar ba sallama. Tun da na karanta wasiƙarka nake murmushi ni kaɗai, har abokiyar zamana ta tambaya ko an yi mini miji ne.

Na gaya wa dattijo labarin. Ya ce a shekarunsa na aikin nan bai taɓa samun hujja irin ƙullin zare ba, kuma ya karɓa. Amma sunan Baba shi kaɗai ba zai hau saba'in da biyu ba, tunda yanzu mun san ba haka aka yi ba, ni ma ba zan sa hannu a kai ba. Abin da ya yarda da shi: sunan mai zane a gaba, na mai hannu a baya. Na farko JINAIDU_71, na biyu JINAIDU_DIJE_72.

Kada ka lallashe ta kuma. Karanta mata wannan kamar yadda na rubuta:

Inna, ɗiyarki Karimatu na gaishe ki. Ba jere za a yi ba, Malam na gaba kina biye, kamar tafiya biki. In kin ƙi, ba za a bar wurin fili ba. Za a rubuta cewa ba a san mai shi ba, kuma haka zai zauna har bayan jikokinmu. Ke kika san zafin da kika sha a kansa. Abin da kika ce shi za a yi.

Saura kwana goma, Yaya. Wannan karon ka ɗauki waya.

Karimatu

Tudun Wada
23 ga Agusta

Karimatu,

Lafiya lau. A taƙaice zan rubuta.

Na karanta mata. Da na kai “ba a san mai shi ba”, ta ajiye hula. Ta ce, “Mi? Abin da nis sha ƙunar dalma wata uku a kai, ga tabo nan har yau, shi za a ce ba a san mai shi ba, kamar ɗan tsintuwa?” Ta nuna mini tabon a gindin babban yatsa. Ni duk zatona na girki ne.

Sannan ta ce, “Shina gaba?” Na ce yana gaba. Ta ce, “To a rubuta. Amma ba a raɗa suna a bushe.”

Saboda haka ki tura. Ranar da aka karɓa ki gaya mini, mu ƙirga kwana bakwai.

Attahiru

Tudun Wada
9 ga Satumba

Taubashiyata Karimatu,

Gaisuwa da godiya. Kowa lafiya, sai gajiyar suna. Saƙonki na cewa dattijo ya karɓa ya iso ranar Asabar waccan, yau kwana bakwai, kuma an yi shi yadda Inna ta so. Ban yanka rago ba, kada malaman unguwa su ce na zautu, amma an toya masa ƙwarya uku, an dama fura, mahaucin bakin layi ya kawo tsire ya ce gudummawarsa ce. Da kina nan da kin ci har kin manta Turanci.

Da hantsi shago ya cika. Matan ajinsu Inna sun zo su tara da malamarsu, abokan Baba biyu an zaunar da su a gaba. Inna ta sha sabon lulluɓi, ta ce ita daga bakin ƙofa za ta tsaya. Na ce ai uwar ɗa ba ta tsayawa a ƙofa, na jawo mata kujera gaban allo. Na sa sabuwar manhajar da kika turo, na yi bisimilla, na kunna.

Rubutu ya fara gangarowa, fari a kan baƙi. Kin san Inna da rubutu. Ta matso, ta ɗora yatsa a gilashi, ta fara bin duk abin da ta iya kamawa da ƙarfi, malamarsu na gyaɗa kai. Ni na san abin da ke tafe, na buɗe baki in tare ta, sai kuma na rufe. Allo ya tsaya a layin ƙarshe. Ta bi shi da yatsa.

“Ji. Nai. Du. Jinaidu.”

Ita ba ta ankara ba sai da ta ji shi a kunnenta. Ta kama baki da hannu biyu. Ɗaya daga abokan Baba ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, matan suka ɗauki guɗa. Ta ja lulluɓi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, na kasa gane ko dariya ce ko kuka. Da ta buɗe na ga duka biyun ne. Ni ma ban tsira ba.

Ta ce, “Ba ni nah hwaɗi ba. Na'ura ta rubuta, ni karatu nika yi.”

Malamarsu ta ce, “To ƙarasa karatun, Dije, ba a barin layi rabi.”

Ta mayar da yatsa, ta karanta nata sunan a hankali, ta karanta saba'in da biyu. Na sa ƙyalle a injin, allura ta hau aiki, ta zo kusurwar farko ta ɗan tsaya ta juya, zare bai tsinke ba.

Bayan azahar mutane suka watse, na fara tattara kwanuka. Inna ba ta tashi daga kujerar ba. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, ta ce, “Auta, in an kashe abin ga an kunna, rubutun ga na sake hitowa?”

Na ce, “Kullum, Inna. Duk safiya.”

Ta gyara zama, ta goge gilashin da bakin lulluɓinta.

Ta ce, “To kashe ka kunna. Ban karanta shi da kyau ba.”

Naki har kullum,
Attahiru